Koren Mazari a Shekarar Kurkunu

Ƙauyenmu yana ƙasar Roni, a gindin wani dutse wanda in ka hau kansa da hantsi kana hango hanyar Kazaure. A zamanin da nake ba da labari Sarki ne da ƙasa, hakimi yana Roni, dagaci yana garin da ke gabanmu, mu kuwa mai unguwa kawai gare mu, shi ma manomi ne kamar kowa. Ba mu da rijiya. An sha haƙawa ana cin karo da dutse. Da rani mata sukan tafi rafi su tona yashi su jira ruwa ya tsattsafo, da damina kuma kowa tafki yake sha, mutum da dabba.

Mu huɗu ne a gida bayan rasuwar mahaifinmu: Inna, da ni, da matata wadda aka kawo mini daga wajen Gwiwa, da ƙanena. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. In tana son magana da ni sai ta ce "kai," ko ta yi kamar da bango take. Ƙanena kuwa Auta take ce masa, da shi take hira, da shi take dariya. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka na taso na ga ana yi.

A ranin shekarar da abin ya faru Auta ya bi samarin gari cin rani Kano, aka yi da shi zai dawo kafin ruwan shuka. Ruwa ya sauka, samari suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ban da shi. Suka ce sun baro shi yana ƙarasa wani aikin gini, yana nan tafe. Ni da Inna muka yi shuka, matata tana bin mu a hankali tana rufe rami, don cikinta ya fara nauyi. Gero ya fito lafiya, sahu-sahu, har na fara noman fari a gefen gabas.

Ina cikin noman ne na ji idon sawuna na hagu yana ƙaiƙayi. Washegari wurin ya yi ƙurji, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Ban gaya wa kowa ba, na ɗaure da tsumma na koma gona. Da ƙurjin ya fashe na ga farin bakin abin ya leƙo kamar zaren da aka kaɗa, sai na zauna a kan kunya na ajiye fartanya. Ba wanda ya girma a ƙasarmu da bai san kurkunu ba. Kafin a yi kasuwa ta gaba wani ya fito mini a ƙwauri, wani kuma a gwiwar dama, wanda shi ne ya fi kowanne mugunta.

Wanda bai san kurkunu ba, tsutsa ce doguwa da ke fitowa daga jikin mutum, kuma ba ta fita da gaggawa. Ana kama bakinta a naɗe a tsinke, kullum a ɗan murza kaɗan, in ta tsaya a bar ta. In aka ja da ƙarfi ta tsinke, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa. Ba ta cika kisa ba. Abin da take yi shi ne ta kwantar da mutum daidai lokacin da gona ke neman sa. Sai daga baya, bayan na yi furfura, na ji ma'aikatan lafiya suna cewa a ruwan tafki ake shan ta, ta kwana shekara a jiki kafin ta fito. Mu a lokacin abin da muka sani shi ne ciwon damina ne, wata shekara ya yi sauƙi, wata ya yi yawa. A wannan shekarar ya yi yawa. Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mutum a kwance da tsinke a ƙafa ba. Mai unguwa kansa a kan jaki ake ɗora shi zuwa masallaci. Ba a yi maganar gayya ba, don ba masu zuwa.

A bayan gidanmu akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, yana cika da ruwan fari ya daɗe bai ƙafe ba. Ba abin da ke kashe zafin kurkunu kamar a tsoma ƙafa a ruwa mai sanyi. Don haka kullum in rana ta ɗaga sai in ja gindi daga zaure, in bi ta jikin danga, in isa bakin kududdufin in zura ƙafafuna. Akwai wata 'yar marke a wurin mai ɗan inuwa. Daga gindinta ana ganin gonarmu a kan tudu, ba abin da ya tare. Na so a ce ba a ganin ta.

Inna ce ta ɗauki fartanyata. Ta manyanta, bayanta ya fara ranƙwafawa, ga fartanyar an yi mata ƙota daidai tsawona. Ina hango ta ta sunkuya ta yi 'yan taku, ta miƙe ta dafe ƙugu, ta sake sunkuyawa. Matata takan bi ta da tsugune tana cire ciyawa da hannu har sai Inna ta kore ta gida. In suka nome kunya biyu a gabas, harƙiya ta riga ta rufe na yamma. Ina kallo geron da ya fito baƙi ƙirin don lafiya ya koma rawaya, ya sirance, ciyawa ta kamo shi ta wuce. Wani lokaci in ji hannuna yana motsi shi kaɗai, yana kai sara a iska.

Da na gaji da kallon gona sai in sunkuyar da kai, to a nan ne na san mazari. Da ƙuruciya mun sha kama shi mu ɗaura masa zare a wutsiya, amma ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Ashe ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu ruwan ƙasa da ke zuwa da yawa su yi ta shawagi sama da kan mutum, ba sa sauka. Akwai ja, ɗan gajere, mai son zama a kan dutse. Akwai wani siriri kamar allura, shi in ya sauka haɗe fikafikansa yake yi. Kore kuma iri biyu ne. Ƙaramin yana da ratsin baƙi a wutsiya, yakan zaɓi kara ɗaya a bakin ruwa ya mai da shi wurin zamansa, ya tashi ya cafke ƙuda a iska ya dawo kan karan nan dai, ya cinye. Babban kuwa ƙirjinsa kore ne shar kamar sabon ganyen dawa, idanunsa sun cinye kansa duka, kuma shi kaɗai yake yawonsa. Yakan bi gefen kududdufin daga wannan baki zuwa wancan, ya juyo, ya sake bi, in wani ya shigo masa ya fatattake shi har ana jin ƙarar fikafikai kamar ana murza busasshen ganye. Yana iya tsayawa cik a iska, ya ja da baya, ya ɓace kafin ka ƙifta ido. Ni da ba na iya kai kaina bayan gida sai da taimako, nakan yi ta bin sa da ido har wuyana ya gaji.

Muna da maƙwabci Bafulatani, dattijo, wanda rugarsu take bayan dutse. Abokin mahaifinmu ne, Baffa muke ce masa. 'Ya'yansa sun yi arewa da shanu wajen Babura kamar yadda suke yi kowace damina, aka bar shi da 'yan maruƙa da saniyar tatsa. Yakan kawo su kududdufin su sha, ya tsuguna kusa da ni ya jingina sandarsa a kafaɗa.

"Sannu da jiki. Me kake kallo haka?"

"Wancan koren nake kallo, Baffa."

Ya bi shi da ido. "Mu in muna tafiya da shanu muka ga wannan babban a kan ruwa, mun san ruwan zai kai mu kaka. Ba ya zama a kan wanda zai ƙafe gobe. Masu ruwan ƙasan nan kuwa, in suka yi yawa a kan garke, to hadari yana kusa."

"Bana dai ruwa bai gaza ba," na ce. "Mu muka gaza."

Baffa ya juya kai. Ya dubi tudu inda Inna take duƙe, ya daɗe yana duba. Shi ma a lokacin ƙarfinsa ya ƙare, hannunsa rawa yake yi in ya ɗaga ƙwarya. Washegari ya aiko mana da nono, ya ci gaba da aikowa har ƙarshen damina.

Matata kuma ta ce a garinsu ba a kashe mazari, wai wanda ya kashe shi hannunsa zai riƙa karkarwa in ya tsufa. Ta faɗa tana dariya, ta ce ita dai ba ta ga wanda abin ya sama ba. Amma fassarar da ta zauna mana a gida ta Inna ce. Wata rana da azahar ina kwance a zaure, ita tana zaune a bakin ƙofa tana shan iska bayan ta dawo daga gona, sai ga babban koren nan ya shigo. Ya zaga zauren, ya bugi azara, ya zaga kuma, ya fice. Inna ta miƙe tsaye, abin da ban ga ta yi da sauri haka ba tun farkon damina.

"Baƙo yana hanya," ta ce, tana fuskantar bango. Sannan ta ɗaga murya ta kira matata. "Ke 'yar nan, ƙara gari a tuwon nan. Ki sa daddawa sosai a miya."

Ba ta ce wane baƙo ba, ba kuma wanda ya tambaya. Har aka yi magariba tana leƙa ƙofa. Ba wanda ya zo. Da safe muka ci ɗumame.

Zaurenmu yana kusa da kududdufi, ƙofofinsa biyu a buɗe, don haka shigowar mazari ba abin mamaki ba ne. Ya sake shigowa, ya kuma sakewa. Kowane karo sai an ƙara gari. Rumbu kuwa ya yi ƙasa, matata ta gaya mini a ɓoye cewa yanzu sai ta zura rabin jikinta kafin ta taɓo dami. Na yi ta juya maganar a raina, ranar nan dai na yi ƙarfin hali.

"Inna, da an ɗan riƙa lura da hatsin nan. Kaka da saura."

Ta juya ta fuskanci bango. Sannan ta ce, "Yaro ya taho tun daga Kano a ƙafa, ya tarar da tukunya a kife?"

"Ba haka nake nufi ba."

"In ya zo, kwana nawa ne zai gyara gonar nan? Kai ma ka san hannunsa."

Na sani. Ni ma shi nake jira, ko da yake ban faɗa ba. Nakan lissafa a raina inda zai fara, da abin da za a iya cetowa in ya iso kafin marka. Har na kai in na ga koren nan ya doso zaure sai in kasa kunne ko zan ji sallama.

Marka ta zo ta same mu a haka. Kurkunun idon sawu da na ƙwauri suka fita, na fara taka ƙafar hagu. Saura na gwiwa. Wata safiya ina jan jiki zuwa kududdufi, ƙasa ta yi santsi, tsinken ya maƙale a saiwar danga. Na ji abin ya tsinke a ciki. Kafin la'asar gwiwar ta kumbura ta yi kamar tulu, zazzaɓi ya rufe ni. Kwanakin da suka biyo baya ban riƙe su sosai ba. Akwai ɗakin shan magani a Kazaure, amma rafi ya kawo, jaki ba ya ƙetarawa, kuma ba majiya ƙarfin da za su ɗauke ni. Aka kira wanzami. Ya duba, ya latsa, ya ce sai an yi sakiya. Ya sa ƙarfensa a wuta har ya yi ja. Baffa ya danne mini kafaɗu iyakar ƙarfinsa, Inna ta fita bayan gida don kada ta gani, matata ce ta riƙe ƙwaryar da aka tara. Na tuna ƙaurin, na tuna jikina yana ɓari kamar mazari, haƙorana suna haɗuwa. Ruwan ciwon ya fita, zazzaɓin ya sauka a hankali. Gwiwar kuwa ta sandare a ɗan lanƙwashe, ba ta miƙewa ba ta naɗewa. Wanzami ya ce a riƙa shafa man shanu, za ta saki. Ana ta shafawa.

Bayan rafi ya janye, wata ranar kasuwa da hantsi, muka ji sallama a ƙofar zaure. Muryar baƙo ce. Wani bafatake ne mai jakuna, ya kai kanwa kudu ya juyo. Ya ce, "Nan ne gidan su wani yaro da ya je cin rani?" Inna ta fito daga cikin gida hannunta duk gari, tana cewa, "Ai na faɗa muku, na faɗa muku." Ni ina kwance, ta ƙofa nake hango waje. Na ga jaki, na ga mutum a kansa ya rungume wuyan jakin. Ya rame har na ɗan yi shakka. Ƙafafunsa biyu suna reto, an naɗe su da tsummoki tun daga gwiwa har ƙasa, ƙudaje suna bi.

Bafataken da yaronsa suka sauko da shi suka shimfiɗe shi kusa da ni. Ashe Auta ya baro Kano a kan lokaci. A hanya abin ya fito masa, ya yi ta dogarawa har ƙafafun suka ƙi, ya faɗi a wani ƙauye kafin Kazaure. Wani bawan Allah ya ajiye shi a zaurensa yana ba shi abinci duk tsawon damina. Ya yi ta neman wanda zai kawo mana saƙo bai samu mai zuwa wajenmu ba.

Inna ta tsaya a kansa tana kallon ƙafafun. Ba ta yi kuka ba. Ta goge hannunta a zane, ta ce wa bafataken, "Allah Ya saka da alheri, Ya kai ka gida lafiya." Ta sa aka kawo masa fura. Sannan ta tsuguna ta fara kwance tsummokin ɗaya bayan ɗaya.

Auta ya juyo da kai ya dube ni, ya dubi gwiwata.

"Yaya, kai ma?"

"Ni ma."

"Duk kwanakin nan ina cewa ai Yaya yana nan, gona ba za ta lalace ba." Ya ɗago kai. "Wa ya yi noman?"

Na nuna Inna da haɓa. Ya rufe ido da damtsensa, ya daɗe a haka.

Daga ranar muka zama mu biyu a bakin kududdufi. Ni ina dogara sanda ina jan ƙafa, shi yana jan gindi a bayana. Mukan zauna a gindin marken nan, gona tana gabanmu, ba mai maganarta. Na nuna masa ƙaramin koren da karansa, na nuna masa ɓawon da suke bari a jikin ciyawar ruwa in sun fito, fanko, da siffar ƙwaro cak. Ya ce a zauren da ya kwanta ma suna shigowa, matar gidan takan ce alamar arziki ce. Ya yi 'yar dariya, ni ma na yi. Inna dai ba ta ƙara cewa a ƙara gari ba. In mazari ya shigo zaure sai ta kau da kai ta ci gaba da abin da take yi.

Da kaka ta yi, abin da aka samu a gefen gabas ne kawai, inda na fara nomewa Inna ta ƙarasa. Sauran gonar kara ne siri-siri da kai kamar yatsa. Inna da matata, wadda ta haihu ba da daɗewa ba, su suka yanke, Baffa ya ba da jakinsa aka kwaso. Bai rufe gindin rumbu ba. A shekarar muka san ɗanɗanon tafasa da dusa, aka sayar da awakin Inna, 'ya'yan Baffa da suka dawo suka sayo hatsi suka auno mana daga zakkarsu. Gidanmu ne da yake fitarwa a da. Inna ta karɓa ta yi godiya, ta shige ɗaki ba ta fito ba sai la'asar.

Auta ya warke sarai, sai tabo. Ni kuwa da ruwan shuka ya sake sauka na ce sai na je gona. Suka hana, na ƙi. Na dogara sandata muka hau tudu tare da shi. Shuka na iya, don a tsaye ake yi, ina jefa iri ina rufewa da ƙafar hagu. Ranar da aka fara noma na karɓi fartanya na sunkuya, ƙafar dama ta ƙi bin jikina, na kifa a kan kunya na danne gero. Na tashi na sake gwadawa, na sake faɗuwa. Auta yana tsaye bai taɓa ni ba, sai da na gaji don kaina. Sannan ya miƙo hannu, na ba shi fartanyar.

"Yaya, je ka inuwa," ya ce.

Na je na zauna. Bayan sallar layya ta shekarar aka ɗora ni a jaki zuwa Kazaure, wajen wani ɗan'uwan Inna mai ɗinkin riguna, na fara koyon riƙe allura ina da mata da ɗa.